Kunyar Tambaya Ba Ta Cikin Tarbiyya

Kunya ado ce ga 'ya mace, wannan babu ja. Amma akwai wata irin kunya da ba ta haifar wa mutum komai sai yunwa da duhun kai, ita ce kunyar tambaya. Wata tafiya da muka yi da maigidana a ƙasar Ingila ce ta ƙara tabbatar mini da haka, shi ya sa na ce bari in ba ku labari.

Lokacin muna zaune a birnin Lids inda yake karatu, aurenmu ko shekara bai cika ba. Wata Asabar ya ce in shirya za mu Witbi, wani ƙaramin gari na masunta a bakin teku, tafiyar wajen awa biyu a mota. Tun daga nesa muka hango wani ƙaton kango a kan tudu, ba rufi ba ƙyaure, sai dogayen bangaye na dutse da manyan tagogi da iska ke ratsawa. Daga cikin gari, matakala 199 ake hawa kafin a kai gare shi. Wallahi kafin mu kai ƙarshe sai da na tsaya hutawa sau uku, ga iska tana neman fizge mini mayafi. Maigida sai dariya yake yi, yana cewa, "Haba amarya, tun yanzu?"

Da muka shiga, na ga jama'a suna ta ɗaukar hoto suna wucewa. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Waye ya yi wannan gini, me ya mayar da shi kufai? Na ce, "Yallaɓai, don Allah tambayar mana waccan dattijuwar mai aiki a nan." Ya girgiza kai ya ce, "Ke ma kina da baki, kuma kin yi makaranta." Gabana na faɗuwa na matsa na gaishe ta da Turancina na sakandare. Ashe jira take a tambaye ta.

Ta ce wurin gidan masu ibada ne na Kirista, waɗanda suka bar aure da dukiya suka keɓe kansu ga addu'a da karatu. An kafa na farko a shekarar 657, wato zamanin halifancin Sayyidina Aliyu idan kina son ki gane nisan abin. Kuma kun san wa ya shugabance shi? Mace! Sunanta Hilda, 'yar gidan sarauta, maza da mata duk suna ƙarƙashinta. Sarakuna na zuwa neman shawararta, kuma biyar daga cikin ɗalibanta sun zama bishop. A gidan nata aka yi babban taro a 664 don raba gardama kan lissafin ranar bikin Ista. Akwai ma wani mai kula da dabbobi, Kadmon, da ta ji yana da baiwar waƙa, ta jawo shi cikin masu karatu. Yau shi ne mawaƙin Ingilishi na farko da aka san sunansa. Hilda ta rasu a 680.

Na sake tambaya, to wannan bangon nata ne? Ta ce a'a. An watse daga gidan Hilda lokacin hare-haren mayaƙan Baikin a ƙarni na 9. Bayan kimanin shekara 200 aka sake kafa wani, kuma bangayen da muke gani an fara gina su ne a ƙarni na 13. A 1539 Sarki Henri na 8, wanda ya ɓata da Fafaroma, ya rufe gidan ya ƙwace dukiyarsa. Daga nan ruwa da iska suka yi ta cinsa. A watan Disamba na 1914 kuma jiragen ruwan yaƙin Jamus suka yi wa garin luguden wuta, har suka taɓa kangon. Na tsaya ina kallon ciyawa a inda dā mutane ke cika, na ce a raina, duniya kenan, rawar 'yan mata.

Da muka sauko yunwa ta fara nuƙurƙusar mu. Abincin da garin ya yi suna a kai shi ne soyayyen kifi da dankalin Turawa. Ana tsoma kifin a ƙullun fulawa a soya shi ya yi ƙarau, a barbaɗa gishiri, a yayyafa binega, a haɗa da dafaffen koren wake da aka dame. Ƙamshi ya cika titi. Muka shiga wani gidan abinci, maigida ya ce, "Ai kifi ne, ba sai an yanka ba." Na ce, "Haka ne Yallaɓai, amma da me aka soya shi?"

Wannan karon ban jira shi ba. Na tambayi yarinyar da ta kawo mana takardar abinci. Ta ce da kitsen shanu suke suya, kamar yadda aka saba a yankin. To kitsen saniyar da ba mu san wanda ya yanka ta ba fa? Ba ta ji haushi ba ko kaɗan, har bakin ƙofa ta rako mu ta kwatanta mana inda ake amfani da man girki na tsirrai. A can ma sai da na yi tambaya biyu: ana zuba giya a ƙullun, tunda wasu na yin haka? Kuma a man da ake soya naman alade ake soya kifin? Mai girkin da kansa ya leƙo ya ce ruwa zalla suke kwaɓi da shi, kuma kaskon kifi daban yake. Sannan muka yi bismilla muka ci hankali kwance, muka kora da shayi mai zafi. Maigida ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Ashe na auro malama ban sani ba."

Ƙanwata, wata rana karatu ko aure zai iya kai ki inda ba ki san kowa ba, inda babu Inna ko Yaya da za su yi magana a madadinki. Kada ki zauna da yunwa don kina jin nauyi, kada kuma ki haɗiye abin da zuciyarki ba ta natsu da shi ba don gudun a ce ke baƙauya ce. Ki yi gaisuwa, ki sassauta murya, ki faɗi abin da kike son sani. Tun daga aji ake koyon wannan, ranar da malama ta ce "akwai mai tambaya?" kika daure kika ɗaga hannu. Matambayi dai ba ya ɓata.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya ciyar da mu halal a duk inda muka sami kanmu, amin.