Tawadar da Ba a Wankewa

Shekarar da gyambo ya fito wa Kawu a kunne, ni ce 'yar rakiyarsa, don ni kaɗai ce mai Faransancin makaranta a gidan. Kawu zabiya ne, tela a Kasuwar Kongo, kuma tun yana saurayi ranar Duwala take cin wuyansa da kunnuwansa, malfarsa kuwa tana rataye a ƙusa, wai ta manoma ce. An shafa man kaɗanya, an sha rubutu, wanzami ya zo da zabirarsa ya duba, ya ce wannan ba aikin aska ba ne. Abin bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ya dai ƙi kamewa.

A Asibitin Lakintini suka ɗebi ɗan nama suka auna, suka ce dajin fata ne amma bai yi nisa ba, suka tura mu Babban Asibiti wajen gashi. Har yau ina jin sammakon nan daga New Bell, warin kwata bayan ruwan dare, ƙamshin makala da wake a bakin hanya, da turaren ɗan goma da Kawu ke gogawa a taguwarsa kamar mai zuwa ɗaurin aure. Likita ya zagaye kunnen da tawada shuɗiya, ya ce kada a wanke. Nan hankalin Kawu ya tashi, sai da liman ya gaya masa shafar kunne a alwala sunna ce, sannan ya yi barci.

Litinin zuwa Juma'a yakan shiga ɗakin na'urar kobal, a rufe ƙofa mai nauyi, 'yan mintoci ya fito. Ni kuwa ina kan benci rungume da takalmansa. Wace irin yarinya ce wannan, da ba ta ji tsoro ba, sai ƙyashin tawadar, har ta zana wa kanta da shunin Inna?

"Kawu, da zafi?"

"Ko kusa, 'yar nan. Ƙugi kawai take yi."

Zafin daga baya ya zo, fatar ta yi ja, ta saluɓe, Inna tana yi masa fifita da dare. Sannan ta kame, ta bar tabo mai sheƙi. Kawu ya ja kekensa cikin rumfa, ya sauke malfar daga ƙusa, ya ɗinka mata igiya da ƙyallen atamfa. Shi ya yi min waliyyi.