Ungulu da Kanari

Sa'ad da nake yaro a Wonaka, akwai tsuntsaye biyu da ba na wuni ban gani ba. Ɗaya kanari ne, wanda wana ya kama a gonar gero, ya sa shi cikin kejin kara, ya rataye a zaure. Ɗayar kuwa ungulu ce, wadda kan yi dafifi a mahauta ran kasuwa. Kanari mukan ba shi gero da ruwa don ya yi mana kuka. Ungulu ko, ban da jifa da zagi ba ta samun kome gare mu.

Bayan shekaru masu yawa na koma gida, na tafi mahauta, na tsaya har aka gama fiɗa, ban ga ungulu ko ɗaya ba. Na tambayi wani tsohon mahauci, ya ce, "Ɗana, ai an jima rabonmu da su. Masu neman kawunansu don magani sun gama da su." Kanari kuwa yana nan a bakin gona, yana kukansa kamar yadda na bar shi.

Da fari abin ya ba ni mamaki, gama duka biyu ɗan Adam na kama su. Amma kanari kan yi ƙwai uku ko huɗu, ya ƙyanƙyashe cikin mako biyu. Ungulu ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, ta kwanta kansa wajen kwana 50. In aka zuba guba a mushe guda, sai garke ya mutu a wuni ɗaya, ina za a mai da gurbinsu? A 2015 ƙungiyar IUCN, mai lura da halittun duniya, ta sa ungulun nan tamu cikin waɗanda ke gab da ƙarewa.

Mutanen Indiya sun riga mu ɗanɗana wannan. Wani maganin shanu, diclofenac, ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayensu kafin a hana shi a 2006, karnukan da ba su da masu su suka yawaita a kan mushe.

Dā in jaki ya mutu a bayan garinmu da safe, kafin la'asar sai ƙashi. Wanda na tarar a wannan zuwa ya kwana huɗu, ƙuda ya rufe shi, mata masu zuwa rijiya har sun sake hanya.