Baƙo da kayansa

Aikin nazarin harshe ne ya sa nake ajiye Ubuntu a cikin Windows ɗina ta hanyar VMware, wato kwamfuta cikin kwamfuta. Ta ciki ana ce mata baƙo, ta waje mai masauki. Sai da wasu ƴan manhajoji suke jin juna: allo ya daidaita, in kwafi jimla mai ƙ da ɗ da ƴ nan, in liƙa can.

Manhajojin iri biyu ne. Akwai VMware Tools na kamfani, kai za ka girka, kai za ka tuna da sabuntawa. Akwai kuma open-vm-tools, wanda VMware ɗin ta buɗe wa kowa a 2007, Ubuntu da Debian na ɗauke da shi. Ni shi nake bi, don yana sabuntuwa tare da sauran tsarin. Kamfanin ma shi yake cewa masu Linux su riƙe.

Ƴan uwa, in kwafi ya ƙi, kar ku ɗora na kamfani a kansa, karo suke yi. Ku ƙara open-vm-tools-desktop tukuna. Ranar miƙa aiki, malam ba ruwansa da uzurin kwamfuta.