Jarkar Ruwa da Manhajoji Biyu

Wannan makon ni aka ba fili, kuma maganar ƙarfe na kawo muku. Ku yi haƙuri da ni, abin da na karanta ke nan a foliteknik.

Watannin baya kawuna mai walda ya samu aikin ƙera ƙarafan da za a ɗora tankin ruwa a wani gida. Tankin lita 2000 ne, kuma za a ɗaga shi sama mita huɗu a tsakar gidan da yara ke wasa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wato tan biyu ne zai zauna a saman kawunan mutane dare da rana. Mai gidan ya nace a yi amfani da siririn bututu saboda ƙarfe ya yi tsada. Kawu ya kira ni shago ya ce, "Injiniya, ba kai ka ce kwamfuta tana faɗin inda ƙarfe zai karye ba? To duba mana ko wannan zai ɗauka." Da zolaya yake kira na Injiniya, amma ranar babu dariya a fuskarsa.

Abin da irin wannan manhaja take yi ba sihiri ba ne. Za ka zana ƙarfen a kwamfuta, ita kuma ta yayyanka shi gutsi-gutsi kamar an lulluɓa masa raga. Ka gaya mata irin ƙarfen, ka nuna mata inda aka kafe shi da inda nauyi ya sauka. Sai ta lissafa yadda kowane gutsure ke tura na kusa da shi, ta fito maka da hoto mai launi: shuɗi inda ƙarfen ke hutawa, ja inda yake shan matsi.

Manhajojin sun kasu gida biyu. Akwai na kuɗi, irin su Ansys da John Swanson ya kafa kamfaninta a Amurka a 1970, da Abaqus da SolidWorks waɗanda ke hannun kamfanin Dassault na Faransa. Lasisinsu na aiki dubban daloli ne. Akwai kuma na kyauta da kowa zai iya saukewa har ya leƙa cikinsu: CalculiX wadda Guido Dhondt da Klaus Wittig suka rubuta a Jamus, da Code_Aster ta kamfanin wutar lantarkin Faransa, EDF, wadda aka sakar wa jama'a a 2001. Manhajar zane ta FreeCAD, ita ma kyauta, tana iya kiran CalculiX ta yi mata lissafin.

A makaranta Ansys ta ɗalibai na saba da ita. Kyauta ce, sai dai an ƙayyade yawan gutsattsarin da za ta ɗauka, kuma sharaɗinta don koyo ne, ba don aikin kuɗi ba. Wani abokina ya ce in kawo filashi ya zuba mini cikakkiya wadda aka ɓalle wa makulli. Ban ɓoye muku ba, na yi kwana biyu ina juya maganar. Abin da ya hana ni shi ne, kayan sata ne, kuma ban san abin da wanda ya ɓalle ta ya taɓa a ciki ba. Sai na sauke FreeCAD, zuciyata tana raya mini cewa araha ba ta ado.

Kafin in taɓa zanen tankin, na ce bari in gwada su a kan abin da zan iya aunawa da hannuna. Na sa Kawu ya ɗiga wa wani falalen ƙarfe walda a bakin teburin shago, a kwance, rabin mita ya leƙo waje. Faɗinsa milimita 50, kaurinsa 10. Muka shirya rataya masa jarkar ruwa mai lita 20 a can ƙarshe. Na ɗauko tsohon littafina na aji na yi lissafi da biro: ya kamata bakin ƙarfen ya sunkuya milimita 9 da ɗoriya, matsin da ke gindinsa kuma kusan megafaskal 118, wato wajen rabin abin da ƙarfen walda na yau da kullum ke jurewa kafin ya tanƙware ya ƙi komawa.

Na je wurin wani ƙanena da ke karatu, muka saka zanen a Ansys ɗinsa ta ɗalibai. Minti goma ba su cika ba ta ba mu amsa, milimita 9 da ɗoriya. Komai a jere yake, ƙarfen ma yana cikin taskarta, zaɓa kawai za ka yi.

Ta kyauta kuwa sai da ta kai ni dare uku. Karon farko na shiga fayil ɗin lissafin da kaina don in nuna ƙwarewa, na rubuta taurin ƙarfe 210 maimakon 210000. CalculiX ba ruwanta da ma'auni, lambar da ka ba ta ita za ta ɗauka. Ta ce mini ƙarfen rabin mita zai sunkuya mita tara. Wannan kuskuren mai sauƙi ne, don ko yaro ya ji zai yi dariya.

Na biyun ne ya ba ni tsoro. Kwamfutata tsohuwa ce, tana cijewa, ga wuta ba tabbas. Don aikin ya yi sauri, na buɗa ragar, na kuma zaɓi gutsattsari masu sauƙin lissafi, waɗanda gefensu ba ya iya lanƙwasa. Amsa ta fito wajen milimita 6, hoton kuma ya yi shuɗi mai kwantar da hankali. Irin waɗannan gutsattsarin suna sa ƙarfe ya zama kamar ya fi yadda yake tauri. Da ban yi lissafin biro ba, da na yarda, don shida lamba ce mai kama da gaskiya. Da na mayar da gutsattsarin masu iya lanƙwasa na matse ragar, sai ga milimita 9 da ɗoriya, daidai da ta kuɗi.

Washegari muka rataya jarkar. Kawu ya sa tef ya auna, ta sauka kusan milimita 10. Ya kalle ni ya ce, "Ashe dai kwamfutar taka ta san ƙarfe."

A nan na gane inda bambancin yake. A irin wannan aikin, lissafin da ke cikin cikinsu ɗaya ne, amsarsu ɗaya ce. Abin da kuɗin ke saya maka shi ne sauƙi, da shingen da ke tare ka kafin ka faɗa rami, da kamfanin da za ka kira idan abu ya cije, da ƙwarewa a ayyuka masu sarƙaƙiya irin su karon mota. Ta kyauta kuma za ka biya da lokacinka da datarka, kana bin zaurukan intanet kana neman wanda ya taɓa shiga irin matsalarka. A madadin haka ba ta ƙayyade maka girman aiki, ba ta hana ka cin kuɗi da ita, kuma tana tilasta maka ka san abin da kake dannawa.

Da ƙarfin gwiwa na zana ƙafafun tankin da siririn bututun nan, na ɗora masa tan biyu. Hoton ya fito shuɗi daga sama har ƙasa. Na kai wa Kawu ina murmushi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗan nan, doguwar ƙafa ba karyewa take yi ba, gantsarewa take yi." Ya ɗauko sandar walda ya tsayar da ita a tebur, ya danna ta da tafin hannu, ta lanƙwashe gefe nan take.

Kunya ta rufe ni, don an koya mana wannan a aji. Tun a 1744 Leonhard Euler ya yi lissafin yadda dogon siririn ginshiƙi ke gantsarewa tun matsin bai kai na karyewa ba, kuma idan ka rage tsawonsa zuwa rabi, nauyin da zai ɗauka yana ninkuwa huɗu. Shi ya sa masu walda ke ɗaure ƙafafu a tsakiya su sa giciye. Manhajojin biyu duk suna iya wannan gwajin, ni ne ban tambaye su ba. Da na tambaya, sai ta nuna ƙafafun suna kusa da gantsarewa, tun ba a sa iskar damina a lissafi ba.

Wannan ba matsalar masu ƙaramin ƙarfi kaɗai ba ce. Ranar 23 ga Agustan 1991, gindin kankare na dandalin haƙo mai da gas na Sleipner A ya nutse kusa da Stavanger a Norwe ana cikin gwaji. Bincike ya nuna ragar da aka yi a mahaɗar bangayensa ba ta dace ba, har lissafin ya rage matsin da kashi 47 cikin ɗari. An yi asarar kusan dala miliyan 700, kuma ba rashin kuɗin lasisi ne ya jawo ba.

Kawu ya ce wa mai gidan ko a sayi bututu mai kauri a sa giciye, ko ya nemi wani mai waldar. Ni kuma na ce a nuna wa injiniya mai rajistar COREN zanen, don difloma ba ta ba ni ikon sa hannu a abin da rai ke ƙarƙashinsa ba. Mai gidan ya yi ƙunƙuni, amma ya biya.

Har yau FreeCAD ce a kwamfutata. In na samu wurin aikin da ke da lasisin ta kuɗi, zan yi amfani da ita da murna. Amma ko wacce ce, sai na fara da biro da takarda kafin in danna komai. Falalen ƙarfen nan kuwa yana nan a bakin teburin Kawu, yanzu a jikinsa yake rataye hular walda.

Sai na ji gyararrakinku.