Ranar da Kunnena Ya Yi Ta Kuka

Yayana yana da ɗan situdiyo a ɗakin zaurenmu a Kankiya. Da hutun da ya wuce, wasu 'yan Islamiyya uku suka zo daga Kusada ɗaukar ƙasida. Kwamfutarsa kafar hedifon ɗaya gare ta, shi ya sa ya sayo wata 'yar amfilifaya mai araha daga Kano. Kafa huɗu gare ta, kowace da abin murɗa ƙararta.

Ni aka ba ta huɗun. Saboda rugugin janareta, sai na murɗe tawa har ƙarshe, na yi wajen awa biyu a haka. Da dare kunnena ya riƙa yin "ziii". Washegari Umma ta kira ni sau uku ban ji ba. Wallahi na tsorata.

Yaya ya ce ƙara mai yawa tana kashe wasu ƙananan ƙwayoyi masu kamar gashi a cikin kunne, kuma ba sa sake fitowa. Sai da na kwana biyu kafin kukan ya daina.

Yanzu daga ƙasa nake farawa. 'Yan'uwana masu kwana da iyafis, don Allah ku rage ƙara.