Herrnhut, Garin Da Aka Raba Sa'o'i Domin Addu'a

A gabashin ƙasar Jamus, kusa da iyakar Folan da ƙasar Cek, akwai wani ƙaramin gari da ake kira Herrnhut. Ma'anar sunan ita ce tsaron Ubangiji. Daga birnin Dresden muka nufe shi, muka ratsa gonaki da tuddai, muka iske gari mai tsabta wanda mutum zai iya kewaye shi da ƙafa kafin ya gaji.

'Yan gudun hijira ne suka kafa shi a 1722. Sun fito daga Moravia saboda tsanani a kan bangaskiyarsu, wani basarake mai suna Zinzendorf kuwa ya ba su wurin zama a ƙasarsa. Amma da suka yi yawa, sai gardama a kan koyarwa ta shiga tsakaninsu, har taron ya kusa watsewa. Ran 13 ga Agusta 1727 suka ci Jibin Ubangiji tare a majami'ar Berthelsdorf, ƙauyen da ke kusa, suka tuba, suka gafarta wa juna.

Abin da suka yi bayan wannan shi ne ya kai mu garin. Sun san zafin zuciya na rana ɗaya yakan huce. Domin haka ran 27 ga watan, maza 24 da mata 24 suka raba sa'o'in dare da rana a tsakaninsu, kowa da sa'arsa ta addu'a. Sun tuna da wutar bagade a Littafin Firistoci sura 6, wadda aka umarta kada a bar ta ta mutu. Wannan addu'a ta ci gaba fiye da shekara 100. A 1732 masu bishara na fari suka tashi daga nan zuwa wurin bayi a tsibirin St. Thomas. Yau kuwa yawancin 'yan wannan ikkilisiya a Afirka suke, musamman a Tanzaniya.

Mun shiga babban ɗakin sujada. Bango fari, kujeru farare, ba wani ado, sai teburi a gaba inda mai bi da sujada yake zama. Ɗakin ya ƙone a 1945, aka sāke gina shi bisa kamanninsa na dā. Sa'an nan muka hau tudun Hutberg inda makabarta take. Duwatsun kaburbura a kwance suke, kusan girmansu ɗaya, na mai arziki da na matalauci. Nan jama'a sukan taru da asubar Ista, al'adar da suka soma tun 1732.

Akwai kuma ɗan littafin ayoyin kowace rana, wanda suke bugawa kowace shekara tun 1731 ba fashi. A nan garin ake zaɓen ayoyin Tsohon Alkawari ta hanyar ƙuri'a, a haɗa kowace da aya daga Sabon Alkawari. Ana fassara shi cikin harsuna fiye da 50. Tun kafin a soma bugawa, 'yan'uwa ne sukan bi gida gida da safe suna faɗin ayar ranar.

Mai karatu, lura da mutanen nan. Masassaƙa ne da masaƙa da matan gida, aiki yana jiransu kamar yadda yake jiranka. Ba su jira sai ranar da suka ji marmarin addu'a ba. Sun sa lokaci, sun riƙe aya ɗaya, kowa kuma ya san ɗan'uwansa yana dogara gare shi ya karɓi sa'ar da ke biye. Kafin duk wannan, sun fara shiryawa da juna.

Gidajenmu fa? Yara suna girma, abin da suka ga iyaye suna yi kullum shi za su ɗauka. Maigida da uwargida, ku zauna yau ku zaɓi lokaci, ko minti 10 ne kafin a fita gona ko kasuwa. Ku karanta aya ɗaya, ku ambaci mutane da sunansu a gaban Ubangiji. Idan akwai wanda kuke riƙe da shi a zuciya, ku fara zuwa wurinsa. Gobe kuma ku koma a daidai wannan lokaci.