Kullen Da Ba Na Maigida Ba

Duk wadda aka ce maigidanta zai tafi da ita Turai, abin da dangi ke fara yi shi ne guɗa, ana cewa kakarta ta yanke saƙa. To, ba ƙarya ba ne akwai jin daɗi, wuta ba ta ɗaukewa, famfo ba ya ƙafewa. Amma akwai wani ɗan layi guda a takardar izinin zama a Birtaniya wanda yawancinmu ba mu taɓa karantawa ba, domin kuwa takardun suna cikin jakar maigida. Layin yana cewa mai wannan takarda ba shi da rabo a kuɗin tallafin gwamnati. Ɗalibai da iyalansu, da waɗanda suka shigo da bizar aiki, duk da wannan sharaɗi suke zaune. Muddin albashi ko alawus yana shigowa, babu mai tunawa da shi. Shekarar 2020 ce ta karanta mana shi da babbar murya.

A daren Litinin 23 ga Maris na wannan shekara, Firayim Minista Boris Johnson ya fito a talabijin ya ce kowa ya zauna a gida saboda korona. Ba a fita sai sayen abinci, ko neman magani, ko aikin da ba ya yiwuwa daga gida, ko motsa jiki sau ɗaya a rana. Wanda ya karya doka, 'yan sanda na iya cin sa tarar fam 60. Makarantu an riga an rufe su, masallatai ma haka. Mu da muka san kulle tun daga gida, da farko dariya muka yi, muna cewa yau ga maza sun ɗanɗana. Amma kullen gida akwai tsakar gida, akwai yaran maƙwabta da za ki aika, akwai mai tallar ƙosai da ke sallama. Wannan kuwa ɗaki biyu ne a saman bene, daga ke sai taga. Kafin wata ya ƙare muka ji rasuwar Dakta Alfa Sa'adu, likita ɗan Pategi da ya daɗe yana aiki a asibitocin ƙasar, sai dariyar ta ɗauke.

Muna zaune ne a gefen birnin Mancesta, kuma a bayan layinmu akwai wata baiwar Allah da muke kira Maman 'yan biyu. Maigidanta ɗalibi ne mai digiri na uku, ya je gida a farkon Maris domin tattara bayanan bincikensa da niyyar yin sati uku. A ranar da aka kulle mu, a ranar Najeriya ta rufe filayen jiragen samanta. Ya maƙale a can, ita ta maƙale a nan da yara uku. Ɗan aikin da yake yi na dare a wani gidan abinci, wanda da shi ake cika kuɗin haya, ya tsaya. Gwamnati ta fito da tsarin biyan kashi 80 cikin 100 na albashin ma'aikatan da aka zaunar a gida, har zuwa fam 2,500 a wata, kuma wannan tsarin baƙo ma yana iya amfana da shi, amma sai wanda sunansa ke cikin rajistar haraji ta wurin aikin. Mai gidan abincin ya ce ba zai sa shi a ciki ba.

Kusan sati uku muna waya da ita kullum, kullum amsarta, "Lafiya lau Yaya, mun gode Allah." Sai ranar da babbar 'yarta ta ɗauki wayar, na ce me kuka ci da rana, ta ce, "Anti, burodi da shayi, jiya ma shi muka ci." Wallahi jikina ya yi sanyi. Da na matsa mata, abu biyu ta faɗa mini. Na farko kunya: a gida ana ganin tana cikin daula, ko a satin ma an bugo ana neman ta aika kuɗin azumi, ina za ta sa fuskarta ta miƙa hannu? Na biyu tsoro: an gaya mata duk wanda ya karɓi ko ƙwayar shinkafa daga hukuma, bizarsa ta lalace.

Tsoron nan yana da tushe, ba zan raina shi ba. Karɓar abin da aka hana ka karya sharaɗin biza ne, kuma yana iya dawo maka ranar sabunta takardu. Amma abin da aka hana jeri ne ƙididdigagge: kuɗin tallafin marasa aiki, kuɗin yara na wata-wata, tallafin haya, gidan gwamnati, da wasu kuɗaɗen agajin gaggawa na ƙananan hukumomi. Abin da ba ya cikin jerin, halal ɗinki ne. Gwajin korona da maganinta kyauta ne ga kowa a lokacin. Rumbunan abinci na sadaka da masallatai da coci-coci suka buɗe ba kuɗin gwamnati ba ne. An kuma dakatar da shari'o'in korar 'yan haya tun daga ƙarshen Maris har zuwa Satumba, ko da yake bashin hayar yana nan yana taruwa. Sannan akwai dokar yara ta 1989, wadda sashe na 17 nata ya ɗora wa ƙaramar hukuma nauyin duba duk yaron da ke cikin buƙata a yankinta, ko wace irin takarda iyayensa ke riƙe da ita. Za su zo da tambayoyi, za su duba takardu da asusun banki, abin ba daɗi, amma ba a lissafa shi cikin abin da aka hana.

Ban ga laifinta ba da ba ta san waɗannan ba. A ranar 27 ga Mayu, ɗan majalisa Stephen Timms ya kawo wa Firayim Ministan labarin wasu mata da miji masu yara da ke cikin wannan hali, sai shi kansa ya tambaya me ya hana su karɓar tallafin. Idan shugaban gwamnati bai san layin ba, ina ga uwargidan da ba a taɓa miƙa mata fasfonta ta riƙe ba? Nan ne nake ganin iyayen gidanmu maza suna da gyara. Mutum zai kai mace ƙasar da ba ta da kowa, lambar sirrin katin banki ba ta sani ba, sunan mai gidan haya ba ta sani ba, ranar ƙarewar biza ba ta sani ba, wai don kada a ɗora mata nauyi. Ranar da jirgi ya ƙi tashi fa?

Da ƙyar ta yarda muka buga lambar agaji da ƙaramar hukumarmu ta buɗe. Matar da ta ɗauka ta yi tambayoyinta a natse, ta haɗa ta da wani rumbun abinci, bayan kwana biyu aka ajiye kwali a bakin ƙofa: taliya, madara, waken gwangwani, man girki. Naman gwangwanin da ke ciki ta mayar, ta ce musu ita Musulma ce, daga baya suka daina sakawa. Samarin masallaci kuma suka riƙa kawo shinkafa da dabino da azumi ya kama a ƙarshen Afrilu. Takardar sayayya ta fam 15 a sati da aka riƙa ba yara a madadin abincin makaranta kuwa, ba ta samu ba, domin 'yan rukunin baƙi kaɗan aka sa a ciki a 2020. Sai a Afrilun 2022 aka buɗe abincin makaranta kyauta ga dukkan iyalai masu wannan sharaɗi idan abin da suke samu bai kai wani adadi ba.

Ƙaramar Sallah kowa a ɗakinsa ya yi ta, tuwon Sallah a bakin ƙofa muka ajiye mata muka ja baya muna ɗaga hannu. A ranar 13 ga Yuni aka ba duk gidan da babba ɗaya ne a ciki izinin haɗewa da wani gida guda, su zama kamar iyali ɗaya. Ta zaɓe mu. Wannan ne ya cece mu a Babbar Sallah, domin a daren jajibiri, 30 ga Yuli, aka sanar da hana ziyarar gidaje a yankin Mancesta, mutane sun riga sun yi cefane, wasu har sun soya nama. Mu dokar ba ta raba mu ba, yara bakwai suka cika mini falo.

Najeriya ta buɗe filayen jiragenta ranar 5 ga Satumba. Da maigidanta ya dawo, sai da ya yi kwana 14 bai leƙa waje ba, ita ce mai fita cefane, katin bankin kuma har yau yana hannunta.